Jan-baki, Fara Da Dila: Kason Da Manomin Arewacin Yobe Ke Fitarwa Kafin Girbi

A arewacin Jihar Yobe, daga tuddan rairayin Yusufari zuwa fadamun Nguru da Gashuwa, manomi ba ya ƙidaya amfanin gonarsa sai ya ga dami ya shiga rumbu. Dalili kuwa shi ne, tun daga ranar da ya binne iri har zuwa ranar girbi, akwai masu jiran rabonsu a gonar, waɗanda ba su yi sassabe ba, ba su kuma riƙe fartanya ba. Ɓera yana tone iri, fara tana cinye tsiro, tsuntsun jan-baki yana sauka lokacin da ƙwaya ba ta ƙosa ba, dila kuma yana kewaya garke da dare yana neman ɗan akuya.

Wannan kaso da ake fitarwa ba tare da an so ba ba ya bayyana a kasafin kuɗin kowace gwamnati, amma yana bayyana a farashin mudun gero a kasuwannin Nguru da Gashuwa, yana kuma bayyana a yawan samarin da ke tafiya cin rani tun kaka ba ta ƙare ba. Abin da aka saba gani kusan kowace shekara shi ne manoma su koka, wakilansu su kai kukan Damaturu da Abuja, a aiko da jirgin feshi, sa'an nan a yi shiru sai baɗi. To, amma wanda ya bi diddigin al'amarin zai tarar cewa girman ɓarnar ya fi dogara ga abubuwa biyu da ba su da alaƙa da jirgi: yadda ake sakin ruwa daga madatsun Jihar Kano, da kuma yadda ake hallaka halittun da ke cin masu ɓarnar.

Yankin yana da fuska biyu. A Ƙaramar Hukumar Yusufari, wadda ke kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, damina ba ta wuce wata uku, ruwan da ke sauka a shekara kuma yana kaiwa da komowa tsakanin milimita 300 zuwa 500. Mangawa da Fulani da Hausawan wurin suna shuka gero da wake da guna da riɗi a kan tudu, sa'an nan suna noman lambu a kwarurukan da ke tsakanin tuddan rairayi, irin su dausayin Bulatura da Tulo-tulo da Kaska, inda ruwa ke kusa, ake kuma samun goruba da dabino da kanwa. Daga kudu kuwa akwai fadamar Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe. Nan ne ƙasar shinkafa da kifi da noman rani. Mai ɓarna a tudu daban, mai ɓarna a fadama daban, sai jan-baki da ke cin kasuwa biyu.

Tsuntsun jan-baki bai fi nauyin giram 20 ba, amma masana sun ƙiyasta cewa yawansa a nahiyar Afirka ya kai miliyan dubu ɗaya da rabi, watau babu wani tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kowane ɗaya yana cin kimanin giram 10 na ƙwaya a yini, don haka garke mai tsuntsu miliyan biyu yana iya cinye tan 20 kafin rana ta faɗi. Tan 20 buhu 200 ke nan. A ƙasar da kadada guda ta gero ba ta cika ba da abin da ya wuce buhu huɗu ko biyar ba, wannan abincin gidaje masu yawa ne na shekara guda. Ga shi kuma abin da tsuntsun ke zubarwa ƙasa yayin da yake tsattsagar zangarniya ba a sa shi cikin lissafin ba.

Sai dai akwai wani abu game da jan-baki da ba a cika faɗa ba. Hatsin gona ba shi ne abincinsa na asali ba. Wani masanin tsuntsaye ɗan Ingila, Peter Ward, wanda ya yi bincike a yankin Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960, ya nuna cewa tsuntsun ya fi son 'ya'yan ciyawar daji, kuma tafiye-tafiyensa suna bin ruwan sama ne. Idan damina ta faɗi, ƙwayar ciyawar da ke ƙasa ta tsira, sai abinci ya yanke masa, ya yi kudu inda ruwa ya riga ya sauka, ciyawa ta fara 'ya'ya. Daga nan ya juyo arewa yana bin sabuwar ƙwaya, ya kafa sheƙa a cikin ƙaya ko cikin ciyawar ruwa. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana tara ko goma, 'ya'yan kuma su tashi bayan kamar mako biyu. Waɗannan sababbin tashi, waɗanda ke fitowa daidai lokacin da gero da dawa da shinkafa ke ɗaukar ƙwaya, su ne suka fi afka wa gonaki.

Ma'anar wannan ita ce, duk abin da ya rage ciyawar daji, ko fari ko yawan kiwo ko faɗaɗa gonaki, yana tura tsuntsun gona. Haka kuma duk abin da ya samar masa da ruwan sha da wurin kwana da hatsi a tsakiyar rani yana hana shi tafiya. Fadamar Nguru ta yau ta haɗa masa dukkan ukun.

Kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kogin Haɗejiya yana cika da damina, ya malale fadama, sa'an nan ya ƙafe da rani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarun 1960 da farkon 1970 ambaliyar takan rufe kadada 250,000 zuwa 300,000, amma bayan madatsar da farin shekarun 1980 ta koma ƙasa da kadada 100,000. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa, aka kuma yi shingen ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗejiya. Daga nan sai tsarin kogin ya juye. Babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, a maimakonta kuma ruwa kaɗan-kaɗan yana gudana duk tsawon shekara, domin ana sako shi da rani saboda birnin Kano da manyan gonakin noman rani. Ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, ga laka tana taruwa, shi ne abin da ciyawar kacala ke bukata.

Kacala ta toshe tsohuwar hanyar kogin Haɗejiya da ta Burum Gana, ta karkatar da mafi yawan ruwan zuwa mashigin Marma da tafkin Nguru. Sakamakon haka garuruwan da ke bakin Marma suka rasa gonaki saboda ruwa ya zauna a kansu, waɗanda ke ƙasa wajen Gashuwa kuma suka rasa ruwan Haɗejiya, suka dogara ga kogin Jama'are. Masunta sun rasa wuraren jefa koma, sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya da ciwon hantar dabbobi sun sami mazauni. Shi kuwa jan-baki ya sami dubban kadada na ciyawa mai tsawon da ya wuce mutum, tsaye a cikin ruwa, inda maciji da muzuru da yaro mai danƙo ba sa isa gare shi cikin sauƙi. Da asuba ya fita kiwo, da magariba ya komo.

Abinci ma an kawo masa har gida. Hana shigo da alkama da gwamnatin tarayya ta yi a 1987 ya sa manoman fadama sun rungumi nomanta, shirin bunƙasa fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990 ya yaɗa injunan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse, daga baya kuma shinkafar rani ta zama abin yayi. Babu mai musun cewa waɗannan sun kawo kuɗi. Amma gonar alkama da ke nuna a watan Maris, lokacin da daji ya bushe ƙurmus, ita kaɗai ce koriya a faɗin ƙasa, kuma tsuntsu yana ganinta daga nesa.

Makamin manomi har yanzu shi ne na kaka da kakanni, wato kora. Ana kafa rumfa a tsakiyar gona, a ja igiyoyi zuwa kusurwoyi, a rataya gwangwanaye da duwatsu a ciki, yaro ya hau da majajjawa tun kafin fitowar rana, ba zai sauka ba sai duhu ya shiga. Wasu suna ƙara mutum-mutumi da tsummoki da leda mai ƙyalli, masu hali kuma suna lulluɓe ƙaramar gonar shinkafa da raga. Aikin yana ɗaukar mako uku zuwa biyar, daga lokacin da ƙwaya ta fara har ta ƙosa. Idan ɓarnar ba ta yi tsanani ba kora tana aiki, ko da yake sau da yawa abin da take yi shi ne tura garken gonar maƙwabci.

Tsadar wannan hanya tana ɓoye ne, domin ba a biyan ɗan gida. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi bincike a shekarun 1990 tare da William Adams na Jami'ar Kambirij a ƙauyuka huɗu, ciki har da Kaska, kuma babban abin da suka gano shi ne, a irin wannan ƙasa ta gajerar damina, hannun aiki shi ne jarin da ya fi ƙaranci, ba fili ba. Mutumin da ya wuni a kan rumfa bai tsinci wake ba, bai yanke riɗi ba, bai tara harawa ba. In yaro ne kuwa, bai je makaranta ba, ga shi lokacin kora yana faɗowa ne daidai farkon zangon karatu na watan Satumba da Oktoba. Wanda ba shi da 'ya'ya sai ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya biya shi kullum, ya kuma ciyar da shi.

Wasu manoman sun zaɓi su kauce wa faɗan. Akwai mai shuka gero mai gashi, wanda ake kira gargasa, domin gashin yana tsokane wa tsuntsu ido. Akwai mai komawa riɗi da zoɓo da guna, waɗanda jan-baki bai damu da su ba, kuma suna da kasuwa. Mafi amfani duka shi ne manoman fadama guda su shuka lokaci ɗaya, iri mai kwanaki ɗaya, su girbe tare, ta yadda ɓarnar za ta rabu a kan kowa. Gonar da ta riga sauran nuna, ko wadda ta makara, ita ce ke ɗaukar garken gaba ɗaya.

Ita kuwa gwamnati makaminta jirgi ne. Ma'aikatar aikin gona ta tarayya ce ke da alhakin yaƙi da masu ɓarna da ke ƙetare iyaka, kuma a 2020, zamanin minista Sabo Nanono, ta ba da sanarwar ware kimanin Naira miliyan dubu 13 domin feshi a jihohi 12 na arewa, har da Yobe. Ana gano wurin kwanan tsuntsayen, jirgi ya bi ta kansu da magariba bayan sun taru, ya zuba musu guba, galibi maganin fenthion. Idan an dace da wuri da lokaci, feshin yana ceton gonakin da ke kusa a wannan kakar, kuma manomin da ya ga garke ya rufe rana a kan shinkafarsa ba zai saurari mai cewa kada a yi ba. Abin da feshi ba ya yi shi ne rage yawan tsuntsun. Ƙasashen Afirka sun shafe fiye da shekara 60 suna kashe miliyoyi da guba da wuta da nakiya, adadin bai ragu ba, domin tsuntsun da ke ƙyanƙyashe uku-uku cikin kwana goma yana mayar da gurbin da aka buɗe, ga kuma wasu garkunan suna shigowa daga Nijar da Chadi.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a takardar kwangila. Fenthion ba ya tantance tsuntsu. Shaho da shirwa da mujiya da suka ci gawar jan-baki suna mutuwa, haka ma ƙananan tsuntsayen da ke kwana tare da shi. A nan kuwa feshin a kan ruwa ake yinsa, ruwan da ake kamun kifi a ciki, shanu ke sha, mata ke ɗiba. Mutanen ƙauye kuma sukan kwashe tsuntsayen da suka faɗo su soya, wasu har su kai kasuwa. A 2025 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Rotterdam suka sanya nau'in fenthion da ake fesawa ta jirgi cikin jerin magungunan da ba a shigar da su wata ƙasa sai da saninta da amincewarta. Kada a manta cewa tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sanya cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, kuma tafkin Dagona da ke ƙasar Bade, wanda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989, yana karɓar agwagin ruwa da ke tasowa daga Turai kowane hunturu. Dagona da Bulatura duka suna cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Hannu ɗaya na gwamnati yana gadin tsuntsaye, ɗayan yana zuba guba a maƙwabtansu.

A Chadi an daɗe da kallon jan-baki a matsayin haja. Mafarautan ƙabilar Hajarai suna kama shi da raga a wuraren kwanansa kusa da Injamena da dare, a fige, a soya, a shanya, a kai kasuwa, kuma wani bincike na shekarun 1990 ya ƙiyasta cinikin da miliyan biyar zuwa goma na tsuntsaye a shekara. Wannan ma ba ya ƙarar da tsuntsun, amma yana mayar da wani ɓangare na hatsin da ya ci ya zama nama da kuɗi, ba tare da an gurɓata ruwa ba. Ana kamun jan-baki a fadamar Nguru ma, sai dai sana'ar ba za ta yi ƙarfi ba muddin mai saye ba shi da tabbacin cewa abin da ke cikin faranti raga ce ta kama shi.

A tudun Yusufari kuwa fara ce babbar abokiyar gaba. Jama'a sun fi jin labarin farin ɗango na hamada, wanda garkensa mai faɗin murabba'in kilomita guda ke cin abincin mutum 35,000 a yini, wanda kuma ya mamaye Muritaniya da Mali da Nijar a 2004, aka kashe fiye da Dala miliyan 400 kafin a shawo kansa. Amma wannan baƙo ne na shekara da shekaru. Mai zuwa a kai a kai ita ce ƙaramar farar da masana ke kira farar Senegal, wadda ke binne ƙwanta a rairayi ya kwana rani, ya ƙyanƙyashe da ruwan farko, 'ya'yan su cinye geron da ya tsiro. Tana yin arewa da damina, sa'an nan iskar ƙarshen damina ta koro ta kudu daidai lokacin da gero ke ɗaukar ƙwaya. Ta yi mummunar ɓarna a ƙasashen Sahel a 1974, da kuma tsakiyar shekarun 1980, watau shekarun da ruwa ya dawo bayan fari. A ƙauyen Dagaceri da ke yamma da Nguru, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, Mortimore ya rubuta yadda wannan fara da wani ɗan ɓeran hamada mai dogayen ƙafafun baya suka hana manoma farfaɗowa bayan farin 1973, ana shuka ana tonewa, har iri ya ƙare. Akwai kuma farar itace da ke cinye ganyen dakwara, ta rage ƙaron da ake tsinta, alhali ƙaro yana cikin manyan kayan da Yobe ke sayarwa waje.

A nan ne lissafin masu cin masu ɓarna ya fi fitowa fili. Shamuwa, wadda Bahaushe ke ɗauka mai bushara da damina, fara ce mafi yawan abincinta, kuma wani bincike da aka buga a 2008 a kan kudu maso gabashin Nijar ya nuna yadda garkunanta ke bin farar Senegal suna ci. Balbela da shirwa da hankaka da zabin daji duk suna wannan aiki, ba a biyansu ko kwabo. Maganin feshi mai kashe kowane ƙwaro yana kashe wasunsu, yana kuma kashe ƙwarin da ke cin ƙwan fara a cikin ƙasa.

Akwai hanyar da ba ta yin haka, kuma a maƙwabta aka gwada ta. A 1996 da 1997, a Maine Sorowa da ke Jihar Difa, hayin iyaka kaɗan, masu binciken shirin LUBILOSA, wanda cibiyar IITA ke ciki, sun gwada wani magani da aka yi da ƙwayar cutar da ke kama fara kawai, aka kwatanta shi da gubar fenitrothion. Gubar ta kashe fara nan take, amma cikin 'yan makonni wasu suka cika wurin. Shi kuwa sabon maganin, wanda aka sa wa suna Green Muscle, ya ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya yi tasiri, sa'an nan filin ya daɗe babu fara, tsuntsaye kuma ba su mutu ba. Aibinsa shi ne jinkirin. Ba ya amfanar wanda ya jira sai fara ta sauka a zangarniya; yana bukatar malamin gona da zai zaga tun farkon damina ya gano inda ɗango ya ƙyanƙyashe. Haka nan a Maraɗi, tun daga 2006, masu binciken cibiyar INRAN suke raba wa ƙauyuka ƙananan buhunan da ke ɗauke da wani ɗan zanzaro mai kashe tsutsar zangarniyar gero. Dukkan hanyoyin biyu albashin ma'aikaci da man babur suke ci, ba kwangilar jirgi ba, wataƙila shi ya sa ba su da masu yi musu kamfe. Shirin raya yankin hamada na arewa maso gabas, NEAZDP, mai hedkwata a Garin Alkali kusa da Gashuwa, wanda aka fara a 1990 da kuɗin Tarayyar Turai, irin wannan aiki na ƙauye-ƙauye aka kafa shi ya yi.

Fara ma haja ce. Ana kama ta da sanyin asuba ko da dare da fitila, a turara, a shanya, a cika buhuna, wasu daga Nijar suke shigowa, a kai Maiduguri da Kano inda mata ke soyawa da yaji. A shekarar da gero ya lalace, kuɗin fara yakan sayi hatsi. Feshi yana kashe wannan kasuwa, ko kuma, abin da ya fi muni, ya shigo cikinta ba a sani ba.

Batun namun dajin da ke taɓa dukiya ya fi wuyar sha'ani, domin asarar a bayyane take, amfanin kuma a ɓoye. Dila yana ɗauke ɗan akuya da ɗan rago, yana fasa kankana a lambu. Shirwa tana sure 'yan tsaki. Kura ta yi ƙaranci ƙwarai, amma ba ta ƙare ba. Makiyayin da ya yi asara yakan zuba guba a mushe ya bar shi a daji, washegari a tarar da dila da karnuka da ungulaye a zube. Ungulun da aka saba gani a mahauta ta shiga jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya tun 2015, saboda guba da kuma masu sayen sassanta. Shi dilan da aka kashe kuwa, ɓera da gafiya da kurege da fara ne yawancin abincinsa. Mujiya, wadda camfi ya sa ake jifa duk inda aka gan ta, ɓera take ci kowane dare. Wanda ya kawar da su ya yi wa ɓera gyaran gida. Shinge mai kyau na ƙaya, da kare, da kwanan ƙananan dabbobi a cikin gida, da akurkin 'yan tsaki, sun fi guba araha in an yi lissafin shekara.

Maciji ne kaɗai ba a iya yi wa wannan lissafi cikin sanyin rai. Shi ma ɓera yake bi har cikin dami da rumbu, amma saran kububuwa ko gamsheƙa a lokacin girbi yana iya cinye rai, ko ya cinye amfanin shekara a kuɗin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, asibitin da ya shahara da maganinsa kuma yana Kaltungo a Jihar Gombe, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga Yusufari. Takalmin roba da fitila da share ciyawa a gindin rumbu su ne rigakafin talaka.

Ko bayan girbi ba a gama ba, domin ƙwaron wake yana jira a buhu. Yawan zuba masa guba ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, bayan an sami maganin dichlorvos fiye da kima a cikinsa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda aka fara yaɗawa a 2007, yana kashe ƙwaron ta hanyar hana shi iska, ba tare da magani ba. Inshorar aikin gona da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 1987 ta haɗa da ɓarnar ƙwari, amma galibi wanda ya ci bashin banki ne ke shiga, manomin gero na tudu kuwa ba ya cikin littafin kowane banki.

Maganar jan-baki dai tana komawa kan ruwa. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno, suka hallara a Damaturu tare da gwamnatin tarayya, aka kafa asusun kula da kogunan Haɗejiya da Jama'are da Komadugu-Yobe. An yashe wasu hanyoyin ruwa, an sayo injunan yankan ciyawa, ƙauyuka sun yi gayya sun shiga ruwa da lauje da adda. Kacala tana mutuwa idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, domin saiwarta ba ta samun iska, tana kuma ja da baya idan ƙasa ta bushe na wasu watanni. Idan ba a yi ɗayan biyun ba, kafin shekara ta zagayo ta koma yadda take. A ƙarƙashin shirin noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da takwarorinta na Amurka da Sifen sun gwada mayar da ciyawar abincin dabbobi da iskar girki, don mai yanka ya sami abin da zai sa ya koma yanka. Amma busar da mashigin Marma na wata biyu ko uku a tsakiyar rani, da sako babban ruwa da damina domin ya wanke laka, ba abin da manomin Nguru zai iya ba ne. Makullin ƙofofin Tiga da Challawa yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da ke Kano, wadda birnin Kano da manoman Kadawa da na kwarin Haɗejiya ke jiran ruwanta kowace safiya. Ga kuma madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kan kogin Jama'are a Jihar Bauchi, kogin da shi kaɗai ya rage yana kawo wa Gashuwa ambaliyar damina yadda aka san ta.